Yin waƙa ya yi arha, a ji ta ne ya yi tsada: hanyar da sabon mawaƙi ke bi kafin ya iso kunnenka

Tun daga watan Yulin 2015 masana'antar waƙa ta duniya ta tsayar da Juma'a a matsayin ranar sakin sababbin waƙoƙi. Kafin nan kowace ƙasa da tata ranar, Amurka Talata, Ingila Litinin. Shi ya sa duk wanda ya buɗe Spotify ko Apple Music da safiyar Juma'a zai tarar an jera masa waƙoƙi da sunayen da bai taɓa ji ba. Sai ya taɓa ɗaya, ta kwanta masa, ya tura wa abokinsa yana cewa: "Na gano wata yarinya, wallahi ba wanda ya san ta tukuna." Daɗin da ya ji na gaske ne, ni ma ina jin irinsa. Inda nake da ja shi ne a kan kalmar "na gano". Kafin waƙar ta iso kunnensa ta ratsa ƙofofi da dama, kuma kowace ƙofa da mai gadinta.

A fara da yawan abin. Kamfanin Luminate, mai ƙididdigar sauraron waƙa, ya ce a 2023 ana ɗora sababbin waƙoƙi kusan 120,000 kowace rana a manhajojin sauraro. In kowace minti uku ce, waƙoƙin yini guda kaɗai za su ci mutum fiye da wata takwas yana saurare ba barci ba cin abinci. A wannan shekarar dai, waƙoƙi sama da miliyan 45 da ke zaune a manhajojin ko sau ɗaya ba a kunna su ba. Ko mai waƙar bai koma ya ji abarsa ba. To cikin wannan ambaliya, me ya sa waccan yarinyar ce ta fito a wayarka?

Kalmomi uku ne ake yawan liƙa wa irin waɗannan sababbin mawaƙa: pop, indie da kiɗan na'ura. Mutane na ɗaukarsu kamar nau'uka uku ne na sauti, alhali kowace abin da take aunawa daban ne. Pop magana ce ta kasuwa, wato abin da jama'a ke yayi: gajeriyar waƙa mai amshin da ke maƙalewa a ka. Ko tsawon minti ukun nan gado ne daga faifan garmaho na da, wanda gefe ɗayansa ba ya ɗaukar abin da ya wuce haka sosai. Kiɗan na'ura magana ce ta kayan aiki, da me aka yi sautin. Indie kuwa asalinta magana ce ta mallaka: waye ya biya kuɗin ɗauka, waye ke da faifan. Saboda haka waƙa ɗaya tana iya zama duka ukun a lokaci guda, kuma akasarin abin da matasa ke fitarwa yanzu haka yake.

Kalmar indie ce ta fi shan wuya. Manyan kamfanonin faifai uku ne suka rage a duniya, Universal da Sony da Warner, kuma su ke riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na kasuwar. Duk wanda ke wajen inuwarsu shi ne mai cin gashin kansa. A Janairun 1977 wasu samari a Mancesta, ƙungiyar Buzzcocks, suka ranto kusan fam 500 a wurin 'yan uwa da abokai, suka buga ɗan ƙaramin faifansu da kansu, suka sayar. Abin ya buɗe wa matasan Ingila ido: ashe ba sai wani mai kwat a Landan ya yarda da kai ba. Shagon Rough Trade da aka buɗe a Landan a 1976 ya koma kamfanin faifai a 1978, ya kuma haɗa kan ƙananan shaguna suna rarraba faya-fayan juna. A 1980 har jadawalin ciniki na musamman aka buɗe wa irin waɗannan faya-fayai. Da tafiya ta yi tafiya, sai kalmar ta tashi daga kan takardar yarjejeniya ta koma kan sauti: jita mai ƙarar da ba a goge ba, murya kasa-kasa kamar mai raɗa, waƙar da ke nuna ba ta damu da a so ta ba. Yau za ka ji ana kiran mawaƙin Universal da sunan indie don kawai yanayin sautinsa, ita kuwa Adele, wadda kundinta na 2011 ya yi cinikin da ba a saba gani ba, ta fito ne daga XL Recordings, kamfani mai zaman kansa na haƙiƙa, amma ba mai kiranta haka.

Shi kiɗan na'ura tarihinsa na kayan da aka raina ne. A 1980 kamfanin Roland na Japan ya fitar da wata na'urar ganga mai suna TR-808. Makaɗa suka ce sautinta bai yi kama da ganga ta gaskiya ba, kasuwa ta ƙi ta, aka daina ƙera ta a 1983 bayan an yi kusan guda 12,000. Da ta koma kayan gwanjo sai ta faɗa hannun matasan baƙar fata a Shikago da Ditroit da Niyok, waɗanda ba su da kuɗin ɗaukar makaɗa. Daga irin waɗannan na'urori aka gina kiɗan house a Shikago, inda Frankie Knuckles ke juya faifai a gidan rawar Warehouse, da kiɗan techno a Ditroit a hannun Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson. Wannan dum ɗin mai nauyi da ke girgiza gilashin mota a waƙoƙin zamani, jikan waccan na'urar da aka ce ba ta da amfani ne.

Haka labarin Auto-Tune. Wanda ya ƙirƙiro shi, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aiki a harkar neman man fetur, yana fassara amon da ke dawowa daga ƙarƙashin ƙasa. Lissafin nan ya juya zuwa gyaran muryar mawaƙi, ya fitar a 1997, da nufin a yi gyaran a ɓoye. Shekara guda bayan haka masu haɗa wa Cher waƙa suka murɗa shi har ƙarshe, muryar ta fito kamar ta mutum-mutumi, kuma abin da aka yi don ɓoye aibi ya zama ado. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Duk wanda ya girma yana jin waƙoƙin finafinan Kano ya san muryar nan mai santsi da kiɗan fiyanon Yamaha da ya maye gurbin kalangu da kukuma a situdiyo. Mun daɗe muna cikin kiɗan na'ura ba mu sa masa suna ba. A Yamai ma, tun 1978 Mamman Sani ya ɗauki kaset da fiyanon lantarki shi kaɗai, kiɗan da mutanen Nijar suka yi ta ji a rediyo da talabijin shekara da shekaru kafin Turawa su san da shi a 2013.

Abin da ya sauya komai shi ne lokacin da dukan waɗannan na'urori suka shige cikin kwamfuta. FL Studio ya fito daga Beljiyam a ƙarshen shekarun 1990, Ableton Live daga Balin a 2001, GarageBand na Apple a 2004, wanda kyauta yake zuwa a na'urorinsu. Situdiyon da a da sai kamfani ya biya maka shi awa-awa, yanzu ya koma tebur guda a ɗakin kwana: kwamfuta, makirfo, abin sawa a kunne. A Nuwamban 2015 wata yarinya 'yar shekara 13 a Los Anjeles, Billie Eilish, ta ɗora waƙar da ta yi da yayanta Finneas a SoundCloud don malamin rawarta ya samu ya saukar. Kundinta na farko a ɗakin kwanan yayan nata aka ɗauke shi, a gidan iyayensu, kuma a Janairun 2020 ta kwashe manyan kyaututtukan Grammy huɗu a dare ɗaya tana 'yar shekara 18. Steve Lacy kuwa a wayar iPhone ya haɗa kiɗan da ya shiga kundin Kendrick Lamar na 2017. Lil Nas X ya sayi kiɗa a intanet kan dala 30 daga wani matashi ɗan ƙasar Holan da bai taɓa gani ba, ya ɗora murya, waƙar ta yi mako 19 a saman jadawalin Billboard a 2019.

Rarrabawa ma ta bi sahu. Da, ko ka ɗauki waƙa, sai ka sami mai buga faifai, mai mota, mai shago. Yanzu kamfanoni irin su DistroKid da TuneCore za su karɓi ɗan kuɗi a shekara, bai fi na cefanen 'yan kwanaki ba a can, su watsa waƙarka a Spotify da Apple Music da Boomplay da Audiomack cikin kwanaki kaɗan. Ba mai tambayarka ko ka iya.

To ba a nan gizo ke saƙar ba. Da ƙofar situdiyo ta buɗe wa kowa, cunkoson sai ya koma bakin wata ƙofar, ta kunnen mai sauraro, wanda har gobe awa 24 gare shi a rana.

Wajen shekarun 2004 zuwa 2012, masu gadin wannan ƙofa mutane ne masu suna da fuska. Marubuta ne masu son waƙa da ke zaune suna tona sababbin abubuwa suna rubuta ra'ayinsu. Mujallar intanet ta Pitchfork ta ba kundin farko na Arcade Fire maki 9.7 cikin 10 a 2004, kuma wannan makin kaɗai ya sa faya-fayan suka ƙare a shaguna. Arctic Monkeys na Shefil sun riƙa raba faya-fayan gwaji kyauta a wurin wasa, masoyansu suka ɗora a intanet suna yaɗawa, har kundinsu na Janairun 2006 ya sayar da sama da kwafi 360,000 a makon farko, a ƙarƙashin ƙaramin kamfanin Domino. Zamanin yana da nasa aibin, don marubutan galibi 'yan gari ɗaya ne masu ɗanɗano iri ɗaya, kuma abin da ba su fahimta ba sai su yi kamar babu shi. Amma dai in mutum ya yaba maka waƙa, ka san waye, kana iya musu da shi. A Janairun 2024 masu Pitchfork suka haɗe ta da mujallar GQ suka sallami ma'aikata da yawa, abin da ya nuna inda ƙarfin ya koma.

Ya koma jerin waƙoƙi. A Yulin 2015 Spotify ta fara haɗa wa kowane mai sauraro waƙoƙi 30 duk Litinin, ba tare da hannun mutum ba. Dabarar mai sauƙin faɗa ce: manhajar tana duba mutanen da ke jin abin da kake ji, ta ga abin da suka ƙara da shi wanda kai ba ka ji ba, ta miƙo maka. Tana kuma lura da ɗabi'arka. Ka tsallake waƙa tun ba ta yi nisa ba? An rubuta. Ka maimaita, ka adana, ka tura wa wani? An rubuta. Sabuwar waƙa ana fara gwada ta a kan mutane kaɗan. In sun riƙe ta a faɗaɗa, in sun tsallake a binne ta. Bayan wannan akwai manyan jerin da ma'aikatan kamfanin ke zaɓa da hannu, kuma shiga ɗaya daga ciki na iya sauya rayuwar mawaƙi cikin mako guda. Sai dai wa ya fi samun ganin waɗannan ma'aikata ido da ido, yaron da ke ɗakin kwanansa ko wakilin Universal? Akwai ma wani tsari da Spotify ta fito da shi, inda mawaƙi zai yarda a yanke kashi 30 cikin 100 na kuɗin wasu saurare don manhajar ta ƙara tura waƙarsa. A zamanin rediyo, biyan mai gabatarwa a ɓoye don ya sa waƙa laifi ne a dokar Amurka. Wannan kuwa ba kuɗi ake miƙawa ba, ragi ake yi, kuma mai sauraro ba ya ganin alamar komai.

Sai TikTok, wanda ya zo ya rage ma'aunin daga waƙa zuwa gutsuren waƙa. A can abin da ke tafiya daƙiƙa goma sha biyar ne ko ashirin, wanda mutane za su ɗora a kan rawa ko barkwanci ko girki. PinkPantheress tana ɗaliba a Landan ta fara sakin gutsattsarin waƙoƙi a 2021, ba ta ma nuna fuskarta, tana ɗora siririyar murya a kan kiɗan rawar Ingila na shekarun 1990. Kafin shekara ta zagayo BBC ta zaɓe ta a matsayin sabuwar muryar 2022. CKay, haifaffen Kaduna, ya saki wata waƙa a 2019 ta yi ɗan tashenta ta kwanta, sai a 2021 TikTok ya tono ta ta zagaye duniya. Wannan kyakkyawan gefen ke nan, kuma ba ƙarami ba ne: yaron da ba shi da kowa a Landan ko Los Anjeles yana iya tsallake dukan dillalai.

Amma kowace ƙofa tana sassaƙa abin da ke ratsa ta. A Spotify sai an ji waƙa na daƙiƙa 30 kafin a lissafa ta a biya. Don haka doguwar shimfiɗar kiɗa kafin murya ta zama asara. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Jihar Ohayo a 2017 ya nuna cewa shimfiɗar manyan waƙoƙi ta ragu daga sama da daƙiƙa 20 a tsakiyar shekarun 1980 zuwa kusan daƙiƙa biyar. Amshi ya dawo farko. Baiti na uku ya ɓace. Waƙar Lil Nas X ɗin nan ba ta kai minti biyu ba, kuma ana biyan waƙar minti biyu daidai da ta minti bakwai, to wa zai wahalar da kansa? Har ta kai kamfanoni na sakin waƙa iri biyu, ta asali da wadda aka ƙara wa gudu, don ta biyun ta fi shiga bidiyo. A 2022, lokacin da wata waƙar Steve Lacy ta hau saman jadawali, an ga bidiyon wasanninsa inda dubban matasa ke rera ɗan gutsuren da suka sani da ƙarfi, da ya shiga baiti na gaba sai wuri ya yi tsit. Ba na cikin masu cewa waƙar yanzu ta lalace. Gajeriyar waƙa mai kyau ta fi doguwa mai surutu, kuma wasu daga cikin yaran nan sun mai da taƙaitawa gwaninta. Abin da nake cewa shi ne siffar ba daga zuciyar mawaƙi kaɗai ta fito ba. Akwai hannun akanta a ciki.

Mu zo ga kuɗin. Spotify ba ta da tsayayyen farashi na kowane sauraro. Tana tara kuɗin da ta samu a ƙasa a wata, ta riƙe kusan kashi ɗaya cikin uku, sauran ta raba wa masu haƙƙi gwargwadon kason kowa a jimillar saurare. Ma'ana, ko da wata guda ka yi kana jin wata baƙuwar mawaƙiya ita kaɗai, kuɗinka ba wurinta zai tafi kai tsaye ba. Tukunya ɗaya zai shiga, manyan taurari su ɗebi babban rabo. In aka baje lissafin, sauraro ɗaya yakan faɗo tsakanin dala 0.003 da 0.005. Sauraro miliyan guda ke nan dala dubu uku zuwa biyar, kafin kamfani da mai rarrabawa da marubuci da mai haɗa kiɗa su cire nasu. Kuma ƙasa ma tana da tasiri: mai biyan kuɗin wata a Amurka yana ba da sama da dala goma, na Najeriya, inda Spotify ta shigo a 2021, kusan dala ɗaya, don haka sauraron Legas da na Niyok ba nauyinsu ɗaya ba. Daga Afrilun 2024 aka ƙara wani sharaɗi: waƙar da ba ta kai saurare 1,000 cikin wata goma sha biyu ba, ba ta da ko sisi. Kamfanin ya ce ya biya masana'antar dala biliyan 10 a 2024, kuma gaskiya ne kuɗi ne mai yawa. Tambayar ita ce hannun wa suke sauka.

Su kuwa manyan kamfanoni sun sauya salon farauta. Da, suna da ma'aikatan da ke yawo ƙananan gidajen wasa da dare suna neman mai baiwa, su ɗauke shi, su yi haƙuri da shi kundi biyu ko uku kafin ya nuna. Yanzu allon kwamfuta suke kallo, suna jiran lambobin wani su fara hawa. Ba sa shuka, sai amfani ya nuna su zo da buhu. Mawaƙin ne zai gina masoyansa da kansa, ya zama mai ɗaukar bidiyo, mai talla, mai amsa saƙo, sannan a zo a saya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko waɗanda suka riga suka yi suna ba su tsira ba: a Mayun 2022 Halsey ta fito fili ta ce kamfaninta ya ƙi sakin waƙarta sai an ƙirƙiro mata wani abin da zai yi tashe a TikTok.

Labarin RAYE, mawaƙiyar Birtaniya, ya fi kowane nuna yadda abin ke da sarƙaƙiya. Ta sa hannu da Polydor tun 2014, tana rubuta wa wasu waƙa, tana ɗora murya a kiɗan rawa na wasu, amma shekara bakwai ba a bar ta ta fitar da kundinta ba. A 2021 ta fasa ƙwai a bainar jama'a, aka rabu. Ta koma cin gashin kanta, waƙarta ta hau saman jadawalin Birtaniya a Janairun 2023, sannan a Maris 2024 ta ɗauki kyautar BRIT guda shida a dare ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba. Nasara ce ta gaske, don yanzu ita ke da abinta. Sai dai kamfanin da ya rarraba mata waƙoƙin, Human Re Sources, yana ƙarƙashin Sony ne. Sony ɗin ce ke da The Orchard, ita ce kuma ta sayi AWAL a 2021, dukansu manyan hanyoyin da masu zaman kansu ke bi. Warner na da ADA, Universal na da Virgin. A 2024 Universal ta sayi mafi yawan hannun jarin Mavin na Don Jazzy a Legas, gidan da Rema da Ayra Starr suka fito. Ka fita ta ƙofar gaba, ka tarar hanyar da ka hau ma tasu ce.

Kalmar "sabo" ita ma a riƙa ɗaukarta da hankali. Chappell Roan ta karɓi kyautar Grammy ta sabon mawaƙi a Fabrairun 2025, alhali tun tana 'yar shekara 17 ta sa hannu da Atlantic, suka sallame ta a 2020, ta koma garinsu a Mizuri tana aikin sayar da abinci. Shekara goma ke nan ana kiran abin dare ɗaya. A jawabinta na karɓar kyautar ta nemi kamfanoni su riƙa ba ƙananan mawaƙa albashin da za su rayu da inshorar lafiya. Cikin waɗanda suka yi takarar da ita har da Sabrina Carpenter, wadda a lokacin kundinta na shida ne ke kasuwa. Ta ɗaya gefen kuma akwai zargin da matasa ke yawan yi, na cewa wane dasa shi aka yi, wato an nuna shi kamar ya taso daga ɗakin kwana alhali akwai masu kuɗi a bayansa. An yi wa Clairo wannan zargin bayan bidiyon da ta ɗauka da kyamarar kwamfutarta ya yi tashe a 2017, da aka gano mahaifinta babban jami'in talla ne mai hanya a masana'antar. Waƙoƙinta na baya sun nuna tana da abin faɗa. Amma zargin bai taso a banza ba: wanda zai iya shekara biyar yana waƙa ba riba, galibi akwai mai riƙe masa haya.

Kuma sabon mawaƙi ba da sa'o'insa kaɗai yake kokawa ba. Yana kokawa da matattu da tsofaffi. A Amurka, kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ake saurare waƙoƙi ne da suka wuce wata 18 da fita. A 2022 wata waƙar Kate Bush ta 1985 ta koma lamba ɗaya a Birtaniya don kawai an sa ta a wani shirin Netflix. Yanzu ga wani abokin gasa da ba ya gajiya: a Afrilun 2025 manhajar Deezer ta Faransa ta ce tana karɓar waƙoƙi sama da 20,000 a rana waɗanda ƙirƙirarriyar basira ce ta yi su gaba ɗaya, kafin ƙarshen shekarar adadin ya kai 50,000. A tsakiyar shekarar wata "ƙungiya" mai suna The Velvet Sundown ta tara masu sauraro sama da miliyan guda a wata a Spotify kafin a tabbatar babu mutum ko ɗaya a cikinta. Mutane da yawa sun ji ta a jerin da aka haɗa musu, suka ɗauka sun gano sabuwar ƙungiyar indie.

An saba cewa to ai kuɗin yana wurin wasa. Ga manya, haka ne. Ga ƙanana, ƙungiyar Music Venue Trust ta ce ƙananan gidajen wasa 125 ne suka rufe ko suka daina sa kiɗa a Birtaniya a 2023 kaɗai, kuma irin waɗannan ɗakuna masu cin mutum ɗari biyu su ne makarantar da mawaƙi ke koyon tsayuwa gaban jama'a. A Afrilun 2022 Little Simz, 'yar asalin Najeriya haifaffiyar Landan, wata biyu bayan ta ci kyautar BRIT, ta soke rangadinta na Amurka, ta ce a matsayinta na mai zaman kanta daga aljihunta take biyan komai, kuma tafiyar za ta jefa ta cikin gagarumar asara. Wuri ɗaya da lissafin ya ɗan fi sauƙi shi ne Bandcamp, inda mai sauraro ke sayen waƙa kai tsaye, shafin ya ɗauki kashi 10 zuwa 15, sauran na mawaƙi. Mutum ɗaya da ya sayi kundi a dala goma a can ya fi saurare dubu biyu a Spotify amfani. Shi ma an sayar da shi sau biyu, a 2022 da 2023, aka sallami kusan rabin ma'aikatansa.

Akwai wata hanyar da ba ta bi ta ko ɗaya daga cikin ƙofofin nan ba, kuma ta ƙasarmu ta ratsa. A 2008 wani matashin Buzu daga Nijar, Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya zo Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko. Situdiyon na masu waƙar Hausa ne, don haka aka yi masa yadda aka saba: gangar na'ura, murya cikin Auto-Tune, a kan waƙoƙin Tamashek, harshen Buzaye. Ba a buga faifai ba, ba kamfani, ba talla. Waƙoƙin suka riƙa tafiya daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori, a tasha da kasuwa da bayan manyan motoci, har suka kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, da ke tattara waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutane, ya ci karo da ɗaya. Ya sa ta a wani tarin da ya fitar a 2011 a ƙaramin kamfaninsa, Sahel Sounds, shi ne kuma ya sake fito da kaset ɗin Mamman Sani. Sai da ya yi ta cigiya kafin ya gano mai muryar. Bayan shekara goma, a 2021, kundin Mdou Moctar ya fito a Matador na Niyok, wanda ke rukuni ɗaya da XL da kuma Rough Trade, kamfanin faifan nan da ya samo asali daga shagon Landan. A Yulin 2023 yana rangadi a Amurka sojoji suka yi juyin mulki a Yamai, aka rufe iyakoki, shi da abokan kiɗansa suka maƙale a can. Masoyansu ne suka yi karo-karo a intanet suka biya musu masauki da abinci har hanya ta buɗe.